Ardis Mai Wasiƙu Ta Kwana a Gidan Tudu

Duk wanda ya tashi a garin nan namu na Norvale ya san tafiyar Ardis Koskela tun kafin ya san fuskarta. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana raba wasiƙu a ƙasa, jaka a kafaɗar hagu har kafaɗar ta karkace, ga jar hular ulu da ba ta rabuwa da ita tun daga zubar ganye har narkewar ƙanƙara. Ita ce mace ta farko da gidan waya ya ɗauka wannan aiki a garin. Mazan da ta tarar a wurin suka ce ba za ta kai Kirsimeti ba, don dusar ƙanƙarar da ke saukowa daga tafkin Superior takan binne mota ruf. Ta kai Kirsimeti talatin da ɗaya, ta kuma ci bikin ritayar kowannensu.

'Yar mahaƙin tagulla ce. Mahaifinta, Arvo Lahti, ya shekara ashirin da shida yana sauka rami kafin kamfani ya rufe, ya fito da tari da kunne guda mai ji. Ta auri Waino Koskela, mai gyaran injin ɗumama gidaje, mutumin da zai wuni bai furta kalma goma ba, abin da ya yi wa Ardis daidai tunda ba ta son a katse ta. Suka haifi 'ya ɗaya, Joanne, wadda take aikin jinya a Duluth. Waino ya rasu shekara biyu bayan Ardis ta ajiye jaka. Tun daga nan kowace safiya za ka same ta a teburin bakin taga a shagon gahawa na Elma, tana ba da labarin karnukan da suka bi ta da waɗanda ita ta bi, da ranar da iska ta kwashe mata wasiƙun unguwa guda ta watsa a makabarta. Amma labarin da aka fi roƙonta shi ne na cikin gidan Trevarrow.

Gidan nan shi ne ƙarshen hanyarta kowace rana, can ƙololuwar tudu inda titi ya ƙare. Ginin jan dutse ne hawa uku, da bututun hayaƙi shida da barandar da ta zagaye shi. Kyaftin Trevarrow, shugaban ramin tagulla, shi ya gina shi a zamanin da garin ke tashe. Lokacin da Ardis ta fara aiki babu wanda ya rage a ciki sai jikarsa, Madam Cordelia, wadda ba ta taɓa aure ba, ba ta kuma fita sai zuwa likita. Ardis takan hau matakala goma sha ɗaya zuwa baranda, ta ɗaga marfin 'yar kafar da ke jikin ƙofa ta zura wasiƙu. In ta duba ba kowa a titi, sai ta durƙusa ta sa ido. Abin da take iya gani bai taka kara ya karya ba: gefen jan kafet, da matakalar bene uku na farko, da wata baƙar ƙafa mai farata a tsaye jikin bango.

Wata Lahadi a hunturunta na farko, suna cin abincin rana a gidan iyayenta, mahaifinta ya juyo mata da kunnensa mai ji. Shi da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ƙarƙashin ƙasar mutanen nan, ko get ɗin gidansu bai taɓa tsallakewa ba.

"Ke da kike zuwa har bakin ƙofa," ya ce, "kin taɓa shiga kuwa?"

"Na shiga mana, Baba."

Ita kanta ba ta san daga ina maganar ta fito ba. Tsoho ya ajiye cokali, idonsa ya kawo haske irin wanda ta daɗe ba ta gani ba, ya ce ta ba shi labari. Ta ba shi. Ta ce da shigarka za ka yi arba da wata ƙatuwar beyar, dabbar dajin nan mai gashi da farata, a tsaye, kanta na taɓa silin, Kyaftin ne ya harbo ta da kansa aka cushe fatar. Ta ce famfunan banɗaki na zinariya ne. Ta ce akwai fiyano mai kaɗa kansa ba kowa a kujera, kuma Madam Cordelia ta zaunar da ita ta ba ta shayi a kofi mai sirantaka har kana hango yatsanka ta jikinsa. Kafin Laraba Arvo ya kai labarin wurin aski, ya kai ƙungiyar tsofaffin mahaƙa. Daga nan kuma hanyar janyewa ta toshe. Shekaru suka yi ta tafiya, beyar tana ƙara tsawo, shayin da aka sha sau ɗaya ya koma na kowace Alhamis.

Madam Cordelia ta rasu, gida ya zauna a kulle kusan shekara ashirin, tantabaru suka gaje shi. Sai ga wata mata daga Milwaukee, Paulette Brandt, da mijinta Dennis sun saye shi. Suka shekara huɗu suna kankare bango suna toshe yoyo, sannan suka buɗe shi masauki, baƙo ya kwana a ɗakunan masu gida na da, da safe a ba shi karin kumallo. Ranar buɗewa rabin gari ya hau tudu kallo. Ardis ta ce ita me za ta gani da ba ta gani ba. Waɗanda suka dawo suna tambayar ina ƙatuwar beyar, ta ce ai magada sun kwashe kaya masu daraja tun tuni.

Ranar da ta cika saba'in, ƙanwarta Verna ta miƙa mata ambulan. Verna ce mai kaɗa molon coci, babban abin kiɗan nan mai bututu da makunnai, a majami'ar Lutheran tun tana budurwa, mace ce mai tsari wadda ko jakar hannunta kowane abu da gurbinsa. Ita da Joanne suka haɗa kai suka kama musu ɗakin Kyaftin na dare ɗaya, ranar Asabar ta biyu a watan Oktoba, don Ardis ta sake ganin inda ta sha shayi. Ardis ta yi godiya da murya ƙasa-ƙasa. Mako uku tana neman mafita. Ta ce gwiwarta ba za ta iya hawa bene ba, Verna ta tuna mata jiya-jiya aka gan ta kan tsani tana share magudanar rufin gidanta. Ta ce ba mai kula da kyanwa, maƙwabciya ta ce a kawo mata. Ta ce ita ba ta iya barci a baƙon gado, Verna ta ce to sai su kwana hira.

Asabar da la'asar suka hau tudu a motar Verna, ganye ya yi ja da ruwan ɗorawa ko'ina, ga abincin darensu a naɗe cikin tawul yana ta ƙamshi a kujerar baya. Daidai bakin get Ardis ta ce a tsaya. Verna ta taka birki.

"Verna, ban taɓa shiga gidan nan ba."

"Tun da aka gyara shi, kike nufi."

"Tun da aka haife ni."

Verna ta kashe mota. Ta tambayi shayin Alhamis, Ardis ta girgiza kai. Ta tambayi fiyano, ta tambayi famfunan zinariya, Ardis ta ce ita ina ta ga famfon matar, iyakarta kafar wasiƙa. Verna ta ɗora hannu biyu a sitiyari tana kallon gaba. Ta lissafa fastoci uku da ta ba wa labarin nan da bakinta, da dangin mijinta na Minnesota, da wata mata da suka taɓa zama kusa a asibiti.

"Yaya, ba ki ma ji komai ba," ta ce. "Na gaya wa matar gidan a waya cewa kin san gidan nan kamar yunwar cikinki. Ta ce tana jiranki da littafi da biro."

Suka kalli juna. Ardis ta yi zaton faɗa ne zai biyo baya, sai ta ga kafaɗun Verna sun fara rawa. Wani ɗan sauti ya kuɓuce mata ta hanci, irin wanda rabon da Ardis ta ji shi tun suna yara a kujerar bayan coci. Shi ke nan, dariya ta ɓarke musu su biyu, Verna ta kifa goshi a sitiyari har ham ɗin motar ya yi ƙara. Da ta samu numfashi ta share ido ta ce ba inda za su koma, wadda ta shekara arba'in tana abu, dare ɗaya ba zai gagare ta ba. Ta ce Ardis ta shiga gaba, ita za ta riƙa gyaɗa kai.

Ardis ta hau matakala goma sha ɗayan nan, ƙafafunta sun san kowace da inda ta lotsa. Kafin ta taɓa ƙararrawa ƙofa ta buɗe. Paulette gajeriya ce mai fara'a, da ɗigon fenti a gefen tabarau, littafin kuwa yana hannunta. Ta riƙe hannun Ardis da nata biyu tana Mama Ardis sannu da zuwa, ta ce sun daɗe suna neman wanda ya san gidan a zamanin Madam. Ardis ba ta ji rabin maganar ba. Ta tsallaka dokin ƙofa, jan kafet ya nutsar mata da ƙafa, ta ga matakalar da ta sani guda uku ashe sun ci gaba sun lanƙwasa sun rabu biyu ƙarƙashin wata taga mai gilashi kala-kala. Ta juya hagu, inda baƙar ƙafar take.

Beyar ce kuwa. Ta katako ce, sassaƙaƙƙiya, tsawonta bai wuce ƙugun Ardis ba, ta buɗe hannuwa tana riƙe da lema uku da sandar wani baƙo. Paulette ta ce a ɗakin ajiya na ƙasa suka tsince ta bayan an yi bikin buɗewa, suka ga shatin ƙafafunta a dabe suka mayar da ita gurbinta. Ardis ta damƙi hannun Verna tana jijjigawa, ta raɗa mata cewa ta shaida, beyar dai beyar ce. Verna ta raɗa mata cewa wannan ko kujerar cin abinci ba za ta iya hawa ba sai an ɗaga ta.

Sai Paulette ta buɗe littafi ta roƙi Mama Ardis ta nuna musu ɗakin da Madam take ba ta shayi, don har yau ita da Dennis suna gardama a kai. Ƙofofi biyar ne a zauren, duk iri ɗaya. Ardis ta gyara wuyan riga, ta taka da ƙarfin hali zuwa ta biyu a dama, ta murɗa ta ja. Tsintsiya doguwa ta faɗo mata a kafaɗa. Bokiti biyu ne a ciki da injin share kafet.

"A da nan ne," in ji Ardis. "An rage masa girma."

Verna ta zame ta zauna a matakala, ta toshe baki da jakar hannu, hawayen dariya na zuba. Ardis ta tsaya da tsintsiya a hannu, ta dubi Paulette, ta ga ba amfani. Ta faɗi gaskiya tun daga Lahadin nan har zuwa bakin get. Paulette ta saurara baki buɗe, sannan ita ma ta zauna kusa da Verna. Dennis ya fito daga kicin hannu duk fulawa ya tarar da mata uku ba mai iya yi masa bayani saboda dariya. Da ƙura ta lafa Paulette ta tambaye ta ko tana sa jar hula lokacin da take raba wasiƙu. Ardis ta ce ta kashe guda tara, uwarta ce ta fara saƙa su, daga baya Verna ta karɓa. Paulette ta kalli mijinta, ta rufe littafi, ta ce to su je su ga ɗakinsu, akwai magana gobe a kan kalaci.

Tunda asiri ya riga ya tonu, sai Ardis ta ji kamar an sauke mata jakar wasiƙu ta Kirsimeti. Ta hau bene tana shafa katakon dogarawa, tana tsayawa gaban kowane hoto ta gaishe da mai shi. Ɗakin Kyaftin ya fi falonta da kicin ɗinta a haɗe. Gadon mai rumfa ne, tsawonsa sai da 'yar matakala ake hawa, ta hau ta baje hannu da ƙafa ta ce wa Verna ta zo ta nemo ta in ta ɓace. Verna tana ta jan aljihunan kabad ɗaya bayan ɗaya tana shinshina takardar da aka shimfiɗa a ciki. Famfunan banɗaki na farin ƙarfe ne da kan tangaran, Ardis ta dube su ta ce gaskiya nata sun fi kyau.

A lungun banɗakin akwai wani abu kamar kejin tsuntsu na bututu, tsawon mutum, da makunnai biyar a jiki. Verna ta shiga da kayanta da takalmanta don ta karanta rubutun da ke kansu. Ardis ta ce kada ta taɓa. Verna ta ce ita da take sarrafa molon coci mai makunnai arba'in, biyar ne za su ba ta tsoro, ta murɗa na tsakiya. Ruwa ya feso mata ta haƙarƙari dama da hagu, ta laluba ta kashe ta murɗa wani, ya zubo ta sama. Ta fito gashinta da ta biya aka gyara da safe ya manne a kai kamar na kyanwar da ta faɗa rijiya. Ardis ta kasa tsayuwa, ta zauna a bakin bahon wanka tana miƙa tawul tana janyewa saboda dariya.

Verna na can tana busar da kai, Ardis ta gano wani bakin bututu na tagulla a bango kusa da gado. Ta hura. Can ƙasa wani usur ya yi ƙara, sai ga muryar Dennis ta taso ta cikin bango tana tambayar me ranki ya daɗe take bukata. Ardis ta miƙe tsaye, ta sa hannu a ƙugu, ta shaƙe murya ta ce a kawo wa 'ya'yan Arvo Lahti shayi, kada kuma a ɓata musu lokaci. Jim kaɗan suka ji igiya na ƙara a cikin bangon baranda ta ciki, Paulette ta nuna musu wata 'yar ƙofa, suka buɗe sai ga tire ya hauro da kansa, da butar shayi da kofuna biyu. Ardis ta ɗaga kofin ta saitin taga ta sa yatsa a bayansa. Ana hangen inuwar yatsan. Ta miƙa wa Verna ta gani, suka sha shayin a zaune kan gadon Kyaftin ƙafafunsu na lilo.

Masaukin ba ya ba da abincin dare, shi ya sa suka zo da nasu, irin naɗin nan na nama da dankali da albasa cikin fulawa da iyayenmu ke sauka rami da shi. Paulette ta ce su ci a babban ɗakin cin abinci, wanda ya zama ƙofa ta uku a hagu. Teburin na mutum ashirin ne. Ardis ta zauna a wannan kai, Verna a wancan, suna magana da ɗaga murya. Verna ta nemi gishiri, Ardis ta turo kwalbar ta bi santsin teburin ta tsaya a rabi. Ana cikin gwaji na huɗu na tura kwalbar har ta isa wasu matasa mata da miji daga Ohio, waɗanda suka zo kallon ganyen kaka, suka leƙo. Ba a jima ba mijin ya naɗe hannun riga ya shiga layi, matar tana alƙalanci, aka kuma raba abincin huɗu.

Fiyano yana falon gaba, ba ya kaɗa kansa, sai Verna ta zauna masa da tawul a ka. Ta fara da waƙoƙin coci biyu don ta ji yanayinsa, daga nan ta zarce da kiɗan rawar da ake yi a bukukuwan aure a zauren mutanen Finland, asalin iyayensu, lokacin suna 'yan mata. Ardis ta ja mutumin Ohio tsakar falo. Bai san takun ba, ita ta juya shi, ta kai shi bango ta dawo da shi, Dennis da Paulette suka shigo su ma. Verna ta waiwayo ta tambaye ta ina ciwon gwiwar, Ardis ta ce ta bar shi a mota. Sun yi alkawarin kwana hira, amma kafin ƙarfe goma kowace ta yi nisa, Verna da tabarau a fuska.

Ardis ta farka da sassafe yadda ta saba. Ta sa rigar sanyi ta fito, ta zauna a wani benci da aka gina jikin tagar da ke kan matakala. Daga nan garin gaba ɗaya yana shimfiɗe a gabanta. Ga gidan waya, ga titin da take fara bi, ga gangaren da ta sha faɗuwa, ga rufin gidan iyayenta, can baya kuma ga gini mai tsatsa na bakin ramin da mahaifinta ke sauka. Ba ta taɓa ganin hanyarta duka a kallo ɗaya ba. Ta bi ta da yatsa a jikin gilashi gida-gida tana kiran sunayen masu su, rayayyu da matattu, har ƙamshin gahawa ya hauro.

Bayan an ci wainar fulawa da ruwan zaƙin itace da ƙwai, Paulette ta share gefen teburin ta ajiye wani kwali. Ta ce a cikin bencin tagar nan suka same shi, marfinsa ɗagawa ake yi. Kalandu ne na bango, na kantin sayar da magani, sama da goma sha biyar, kowace rana da ɗan rubutu da fensir a cikin gidanta. Madam Cordelia ce take rubuta yanayin gari, da abin da ta hango ta taga. Paulette ta ce tun da suka karanta suke tambayar kansu wace ce Jar Hula. Ardis ta ce idonta ba zai iya da ƙananan rubutu ba, Verna ta gyara tabarau ta karanta a fili.

"Ƙanƙara har gwiwa. Jar Hula ta iso sha ɗaya da kwata, ba ta makara ba." Ta buɗe wani shafi. "Jar Hula ta faɗi a gangare. Ta tashi ta yi wa gangaren dogon jawabi da yaren Finland." Ta tsallaka shekara. "Yau wani namiji ya kawo wasiƙu. An ce Jar Hula ta haihu, mace." Sai Verna ta dubi yayarta ta saman tabarau kafin ta ci gaba. "Ta sake leƙowa ta kafar wasiƙa. Na tsaya cik a bayan labule har ta gama, kada in ba ta kunya."

Ardis ta rufe fuska da adiko. Matar Ohio ta tambayi sau nawa aka rubuta haka, Paulette ta ce ta daina ƙirgawa a shekara ta uku. Ta karɓi kalandun ta zaro ɗaya da ta sa wa alama, ta miƙa wa Verna.

"Mai shara ta ce a gari ana cewa ina da beyar da kanta ke taɓa silin, da famfon zinariya, kuma ina shan shayi da Jar Hula duk Alhamis. Na ce mata kada ta kuskura ta gyara musu." Ƙasa kaɗan, a gidan wata Alhamis, an rubuta: "Na sa an dafa na mutum biyu. Ta zo a makare, tana sauri. Wani makon."

Ardis ta sauke adikon, fuskarta jawur, tana dariya ido na ruwa. Ta ce ashe tsohuwar nan munafuka ce irinta, da ta sani da ta ƙwanƙwasa. Ta ce shekara goma sha tara suna wasan ɓuya su biyu, ƙofa ɗaya tsakaninsu. Verna ta ce da kun haɗu ai da garin nan bai zaunu ba. Ardis ta sa aka sake karanta mata na gangaren har sau biyu, ta kuma fassara wa mutanen Ohio kaɗan daga cikin jawabin, iya wanda za a iya faɗa a gaban mai kaɗa molon coci. Paulette ta ba ta kalandar shekarar da aka haifi Joanne ta ce ta tafi da ita.

Da Litinin ta zauna a teburinta na shagon Elma ta faɗa wa kowa gaskiya, ba ta rage komai ba, har da tsintsiya. Ba wanda ya riƙe ta da zafi. Wani tsohon direban motar share ƙanƙara ne kawai ya ɓata rai, don ya taɓa yin musu da surukinsa a kan famfon zinariya har suka yi wata biyu ba sa magana, ya ce yanzu da wane ido zai kalle shi. Paulette ta roƙe ta ta riƙa zuwa tana yi wa baƙi hira, ta je sau uku ta daina, ta ce baƙi suna yawan katse mutum da tambaya.

Abin da kwanan nan ya bar mata shi ne ƙaiƙayin kwana a wuraren da ba nata ba. Da bazara ta ja Verna suka kwana a wani tsohon gidan kurkuku da aka mayar masauki a Wisconsin, Verna ta dawo tana cewa ba ta taɓa barci mai daɗi irin na ranar ba, abin da ya dame ta ƙwarai. Yanzu Ardis ta samo labarin wata hasumiyar fitilar jiragen ruwa a wani tsibiri cikin tafki, wadda ake barin mutum ya kwana a ɗakin mai tsaronta. Sai an shiga kwalekwale na awa ɗaya, ga matakala ɗari da wani abu. Verna ta ce ko da ɗaure ta za a yi ba za ta ba. Makon jiya dai an ga su biyun a kanti suna gwada rigunan ruwa, Verna na tambayar mai shago ko akwai mai aljihu a ciki.